Giɓin da Ladan Ya Bari

Wani siririn ruwa ne, bai fi kaurin yatsa ba, yake ɓulɓulowa daga ramin gafiya a bayan madatsa, launinsa ja kamar kunun kanwa. Shaihu ya gan shi, ya tsallake don kada ya ɓata masa takalmi, ya ci gaba da hawa. Can sama ganga tana tashi, ya san kuma mahaifinsa ba ya son a makara.

Shekara biyu ke nan da samun mulkin kai, madatsar Tungar Ɗanmaliki kuwa wannan ce daminarta ta farko. Ƙauyen yana tsakanin Fakku da Kebbe, kuma kafin a yi ta, duk bazara sai mata su yi tafiyar rabin wuni neman ruwa. Malam Ladan, wani mutumin Tambuwal da ya koyo aikin ruwa a Kaduna, shi ya zo ya auna kwarin, mutanen gari suka yi wata uku suna jidar ƙasa da kwando suna daɓewa. Da aka gama, sai aka ga ya bar giɓi a ƙarshen gabas, faɗin taku ashirin, an shimfiɗe shi da duwatsu, ya fi kan madatsar ƙasa da kamar tsayin ƙirjin mutum. Ya ce idan tafki ya cika, ta nan rarar za ta bi.

Abin da ya tsaya wa mutane a wuya shi ne inda rarar take zuwa. Tana kewaye tudu ne ta gangara fadamar da shanun Arɗo Tambaya suke sha. Bara waccan, a kan ɗan ruwan da ya rage a gindin kwari, wani makiyayi ya sare wa Sama'ilu, ƙanen mahaifin Shaihu, yatsu uku. Tun daga ranar mahaifin Shaihu, Sarkin Noma Ɗangiwa, ba ya amsa sallamar Bafulatani mai sanda.

Da Shaihu ya zo hutu daga makarantar sakandare ta Sakkwato, uban ya kira shi zaure ya ce, "Kai da anka kai boko, auna min. Ruwa nawa na giɓin ga ka ci muna?"

Shaihu ya ji daɗin tambayar fiye da yadda ya nuna. Ya kwana biyu yana jan igiya yana ƙirga taku, ya cika shafi uku da lissafi, ya fito da amsa. Idan aka toshe giɓin, tafkin zai riƙe kusan ninkin abin da yake riƙewa, ruwa ya kai su har wata damina. Ɗangiwa bai iya karanta boko ba, amma ya ɗauki takardar ya kai kasuwar Kebbe yana nuna wa mutane. Sati na zagayowa aka yi gayya, aka cika buhunan gyaɗa da yashi, aka jera su layi biyu a bakin giɓin.

Yau gayya ta biyu ce. An kwana uku ana sheƙa ruwa, da hantsi ya tsagaita, tafkin ya kumbura har yana lasar saman buhunan. Samari wajen arba'in suna miƙa wa juna sababbin buhuna don a ƙara layi na uku. Na'iya makaɗi yana kan dutse da gangarsa, yana wasa duk wanda ya ɗauki buhu shi kaɗai, yana zolayar wanda ya nemi a kama masa.

"Ga ɗan boko nan ya iso!" in ji Na'iya. "Mai lissahi! A ba shi hanya kada yashi ya taɓa mai wando!"

Aka yi dariya. Shaihu ya naɗe hannun riga ya shiga layi. Daga inda yake tsaye yana hango unguwar Gangare, gidaje goma sha biyu daidai ƙarƙashin madatsa, hayaƙi yana tashi daga gidan da yayarsa Ummu take wankan jego, kwananta tara da haihuwa. Ya juyo ya dubi ruwan. Tsakaninsa da kan madatsar bai fi kamu ɗaya ba. A gabas kuma hadari yana sake haɗowa, baƙi ƙirin.

Ƙarar babur ta katse gangar. Malam Ladan ne, wandonsa duk taɓo har gwiwa, alamar ya sha turi a hanyar Tambuwal. Bai tsaya kafe babur ɗin ba, ya sake shi ya faɗi, ya taho da sassarfa a kan madatsar. Da idonsa ya sauka a kan buhunan sai ya tsaya cak.

"Innalillahi. Wa yay yi wanga aiki?"

Ɗangiwa ya fito daga cikin samari, galma a kafaɗa. Ƙato ne, gashin ƙirjinsa ya fara fari. "Mu munka yi. Sannu da zuwa, injiniya. Ba ka ko sallama?"

"Salamu alaikum, Baba Sarkin Noma. A ɗebe buhunan ga yanzu-yanzu. Don girman Allah."

"A ɗebe?"

"Madatsar ga ƙasa ta, Baba, ba dutse ba. In ruwa ya hau kanta, kamin ka sha hura ya yanka ta biyu. Duk abin da ag ga tabkin ga bisa Gangare za shi sauka."

Sama'ilu ya matso, ya ɗaga hannunsa mai yatsu biyu a fuskar Ladan. "Ka ga wanga? Mu munka jidi ƙasa wata ukku, bayanmu ya kare, kai kuma ka buɗe ma Hillani ƙoha su sha a banza. Nono nawa Arɗo ya ba ka?"

"Ko ba saniya ɗaya ga duniya, sai na bar giɓin ga."

"Muna da namu mai ilimi," in ji Ɗangiwa, ya zaro takardar daga aljihu, ta yi laushi don yawan naɗewa. "Ɗana ya auna. Shaihu, taho ka gaya mai."

Shaihu ya fito. Ladan ya karɓi takardar ya bi ta da ido da sauri, shafi ɗaya, biyu, uku. Ya ɗago.

"Kai ka yi wanga?"

"Ni ne, Malam."

"Ba kuskure ciki. Ka lissafa ruwan da tabki ka ɗauka. Ina lissahin ruwan da ka tahowa daga tuddai in an yi kwana ukku ana ruwa? Ina za shi in ya iske tabki cike?"

Shaihu ya dubi takardar. Ko sau ɗaya tambayar ba ta zo masa ba.

"Ta baya ka hawo?" in ji Ladan. "Ka ga ruwa na tsattsahowa wani wuri?"

"Na gani. Daga ramin gafiya."

"Garai shike ko ja?"

"Ja ne."

Fuskar Ladan ta sauya. "To cikinta shika ci ke nan." Ya juya ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. "A aika Gangare su hita su hau tudu! Mata da yara, kowa!"

"Ba mai zuwa ko'ina," in ji Ɗangiwa. "Na'iya, kaɗa."

Ganga ta ɗauka. Ladan ya dubi fuskokin samarin ɗaya bayan ɗaya, duk ya san su, da shi da su aka daɓe ƙasar nan. Babu wanda ya yarda suka haɗa ido. Sai ya cire hularsa ya jefar, ya dira cikin giɓin, ya kama kunnen buhun da ke sama ya fizge shi ya tura ƙasa.

Sama'ilu ne ya fara kai masa ƙotar fartanya a gadon baya. Ladan ya durƙusa, ya miƙe, ya sake kama wani buhun. Sai samari suka rufar masa. Wani ya shaƙe shi ta baya, wani ya nushe shi a baki, jini ya wanke masa gaban riga. Yana ta faɗin, "Ku duba ruwan! Ku duba ruwan!" har muryar ta koma gurnani. Ya kuɓuce ya rarrafa ya kai hannu ga buhu na uku. Nan Ɗangiwa ya ture mutane, ya juya galmarsa ta wajen ƙota, ya sauke masa a kafaɗa da iyakar ƙarfinsa. Shaihu ya ji ƙarar ƙashin kamar an taka busasshen kara. Hannun Ladan ya saki, ya yi lilo. Suka ja shi ta ƙafa a kan duwatsu, kansa yana bugawa, suka yar a gefen tudu.

Iska ta taso. Ɗigon farko ya faɗo wa Shaihu a wuya, mai kauri, mai sanyi. Ya waiwaya tsakiyar madatsa ya ga igiyar ruwa ta hau kanta ta koma, ta bar ƙasar tana sheƙi. Ta biyu ta hau, ba ta koma duka ba, wani sashi ya silale ta baya. A ƙasa hayaƙin gidan Ummu yana nan yana tashi, ba su san komai ba.

"Baba," ya ce. Uban bai ji ba. "Baba! Gaskiya Malam ya faɗa. Lissafina bai cika ba."

Ɗangiwa ya juyo a hankali. "Mi kac ce?"

"Ruwa ya fara haye ta. Yaya Ummu tana ƙasa."

"Gaban mutane za ka maishe ni maƙaryaci? Ni da nib bi kasuwa da takardarka?"

Shaihu ya waiga gefensa. Akwai lauje a ƙasa, na wanda ya yanko ciyawar cusa wa tsakanin buhuna. Ya sunkuya ya ɗauka, ya dira cikin giɓin. Bai tsaya jan buhu ba, don ya ga abin da ja ya jawo wa Ladan. Farke su ya shiga yi. Ya luma laujen ya ja, yashi ya zubo, ya matsa ga na gaba ya luma. Ya farke biyar kafin a ankara.

Marin uban ya jefa shi kan duwatsu, kunnensa ya ɗauki ƙara. Ya tashi da laujen a hannu, samarin suka ja baya suna zaton su zai sara, shi kuwa ya sake lumawa a buhu. Baffansa Sama'ilu ya maka masa ƙota a haƙarƙari, numfashinsa ya ɗauke. Wani ya taka masa hannu da diddige har ya ji yatsunsa suna niƙuwa a jikin dutse, laujen ya suɓuce. Ya kai ɗayan hannun ya cusa cikin buhun da ya farka yana yaƙuto yashi. Duka yana sauka ta ko'ina, bai ƙara sanin na wa da wa ba ne.

"Hillani! Ga Hillani nan!"

Daga kan tudu suka gangaro, su goma sha wani abu, sanduna a sama, Arɗo Tambaya a gaba da farin gemunsa. Kwana takwas ke nan fadamarsu ba ta ga rarar da aka ce za ta zo ba, yau kuma suka ji ganga, suka zo ganin dalili. Da suka tarar da Ladan kwance cikin jini, ba a tsaya tambaya ba. Sanda ta haɗu da fartanya. Wani saurayin makiyayi ya fasa wa Na'iya goshi, gangar ta gangara cikin tafki tana juyi. Sama'ilu ya kai wa ɗan Arɗo sara da bakin fartanya, ya yage masa kunci har haƙora suka bayyana. Mutane suka cakuɗe a cikin giɓin, suna zamewa a kan jiƙaƙƙen yashi, suna faɗuwa a kan juna, ruwan sama ya kece kamar da bakin ƙwarya.

An manta da Shaihu. Ya ja ciki a tsakanin ƙafafu, ya laluba ya sami laujen, ya riƙe da hagu. Layin ƙasa ya nufa yanzu, wanda sauran suke zaune a kansa. Ya farke ɗaya, ya farke na kusa da shi. Ruwa ya fara tsartowa ta tsakaninsu, ya buge shi a fuska. Ya ga buhun sama ya motsa shi kaɗai, ya karkata.

"Ku fita!" ya yi ihu. "Ku fita daga ciki!"

Jerin ya buɗe gaba ɗaya. Ruwa ya shigo giɓin har ƙugu, ja wur, ɗauke da buhuna da kara da rassan itace, ya kwashe manomi da makiyayi bai zaɓa ba. Shaihu ya ji an yi sama da shi an maka a dutse, ya sha ruwa, ya ga duhu, ya ga haske. Wani abu ya sarƙe masa riga. Sandar Arɗo ce, tsohon ya kafa ƙafa a gefen tudu yana ja, yana zaginsa da Fulatanci. Can gaba mutane suna kama saiwoyi suna fitowa da rarrafe, suna tari suna amai. Sama'ilu sai da ruwa ya kai shi kusan fadama, aka tsamo shi da karyayyar ƙafa. Wanda ya tsamo shi ɗan'uwan yaron da ya yage wa kunci ne, da ya gane ko wane ne, ya sake shi a taɓo ya tofa masa yawu.

Faɗa ya mutu don kansa. Kowa ya tsaya inda yake, a jiƙe, yana kallon ruwan yana ruri ta giɓin.

Ladan yana jingine da dutse, leɓensa ya kumbura, hannun dama a kan cinya kamar ba nasa ba. Ya yafito Shaihu da ka.

"Kana iya tahiya?"

"Ina iyawa."

"Samo kara. Ka kahe shi bakin ruwa, ka yi mai alama daidai inda ruwa yat tsaya. In ka ƙirga ɗari ukku ka duba, ka gaya min. Ku kuma," ya ɗaga murya da ƙyar, "wanda ƙahwarshi ka aiki shi sheƙa Gangare."

Wannan karon mutum huɗu suka ruga, ba wanda ya dubi Sarkin Noma.

Shaihu ya kafa karan, ya tsuguna cikin ruwan sama yana ƙirgawa, haƙarƙarinsa yana suka duk numfashi. Ɗari uku na farko, ruwan ya haura alamar da faɗin yatsa. Ya faɗa. Ladan ya rufe ido ya ce a sake. Na biyu, yana nan inda yake. Ana cikin na uku sai aka ji wani nishi daga bayan madatsa, ƙasa ta motsa a ƙarƙashin ƙafafunsu. Wani ɓangare na bayanta, faɗin ɗaki biyu, ya zame ya zube ƙasa. Mata da suke hawa tudu da yara a goye suka sa kururuwa. Abin da ya rage tsakanin tafkin da unguwar Gangare bai fi taku uku ba, kuma kowa yana ganinsa.

Shaihu ya ci gaba da ƙirga.

"Ya sauka," ya ce. "Yatsa ɗaya."

"Sake."

"Yatsa biyu, Malam."

Sai bayan la'asar ruwan saman ya ɗauke. Tafkin ya ja baya da kamu biyu, madatsar tana tsaye, da rauninta a baya. Ladan ya sa aka kwaso buhunan da ba su fashe ba aka jera a inda ta zame, manoma suna miƙawa, makiyaya biyu-uku suna karɓa, ba mai kallon fuskar wani. Arɗo ya yaga rawaninsa ya ɗaure wa Ladan hannu a wuya, sannan ya tafi da ɗansa da aka tallabe.

Shaihu ya zo ya zauna kusa da Ladan, yatsunsa na dama sun kumbura sun yi baƙi.

"Malam, shi ruwan da ke tahowa daga tuddai, yaya ake sanin yawansa tun bai zo ba?"

Ladan ya yi ƙoƙarin dariya, zafi ya hana. "Shekara ukku nay yi Kaduna kan tambayar ga. Sai ka taka tuddan da ƙahwarka, ka san inda kowane ɗigo ka bi. Ka tambayi tsohhi ina ruwa yat taɓa kai shekarar da ya hi yawa." Ya tofar da jini. "Mu biyu ɗai ka wanga aiki daga nan har Dogon Daji, ga shi an rage ɗaya. Shekara nawa ta rage maka?"

"Ɗaya."

"In ka ƙare ka zo Tambuwal ka same ni. Ka taho da takardar can, mu cika ta."

Inuwa ta rufe su. Ɗangiwa ne, tsaye, taɓo har ƙirji, ba galma a hannunsa. Shaihu ya yunƙura zai tashi, haƙarƙarin ya mayar da shi. Uban ya dubi hannun Ladan da ke rataye, ya dubi fuskar ɗansa inda shatin yatsunsa ya kwanta. Daga nan ya ɗaga kai wajen tudu. Ummu tana can zaune a kan turmin da wani ya ɗauko, an lulluɓe ta da zane, jaririn yana kuka a ƙirjinta.

Ladan ya jira, Shaihu ma ya jira, su ji abin da zai ce. Ɗangiwa ya sa ƙafa ya gyara wani buhu da ya karkace a gefen hanya, ya juya, ya bi ta bayan samarin da suke aiki, ya gangara ta hanyar gona.